Harsuna Biyu a Ɗakin Masu Kurkunu

Da damina ta shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata Talata da hantsi, Baba ya ɗora ni kan jaki daga Dudunni zuwa Kusada, Inna na biye da mu, daga nan muka hau bayan akori-kura sai Kankiya. Shekarata tara, ƙafata ta hagu ta kumbura kamar tulu. Kurkunu ne. Ba baƙo ba ne a garinmu, domin duk daga tafki ɗaya muke sha mu da shanun Fulani, kuma ni ce mai ɗebo ruwan gidanmu kafin in kai wa su Baba fura gona. Na yi sati uku ban taka ba. Ina kwance ƙarƙashin rumbu ina jin ƙawayena suna carafke a ƙofar gida, gero yana ta bunƙasa ba ni cikin masu korar tsuntsu. Da ƙurjin ya fara wari, Inna ta ce ba za ta zuba ido ba.

A asibitin muka tarar da Turawa mata biyu, mu kuwa a wurinmu duk farar fata harshensu ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Likita Nino ’yar Jojiya ce, wani ɗan Kankiya da ya je karatu Tarayyar Sobiyat ya auro ta. Sista Ingiri, mai wankin ciwo, daga Norwe ta zo. Su kansu ma da guntun Turanci suke fahimtar juna. Kowace safiya Likita takan naɗe tsutsar kurkunun da ta leƙo daga ƙurjin a jikin tsinken ashana, ɗan kaɗan, don in ta tsinke a ciki ƙafar na iya lalacewa. Saboda kada in motsa, sai su biyun suka shiga koya mini kalmomin garuruwansu.

Harshen Likita daga maƙogwaro yake fitowa, baƙaƙe na hawa kan juna ba wurin shan iska. Ruwa a wurinsu “tsƙali” ne. Abin da ya ba mu mamaki, tana furta ƙ da ts tsaf kamar a Kusada aka yanke mata cibiya, ta ce su ma suna da su. Sista kuwa har na bar asibitin “kafa” take ce wa ƙafa. Amma nata harshen yana hawa yana sauka kamar mai rarrashin jariri, don haka kunnenta ke kama abin da ya gagari Likita. In Likita ta ce mini in daina kuka, kukar miya take ambata, sai Sista ta gyara mata muryar. Rubutunsu ma ya sha bamban. Na Sista boko ne irin na allon makarantarmu, sai dai akwai wani harafin “o” da aka soke da sanda, da harafin “a” mai ɗan zobe a ka. Na Likita duk ƙugiyoyi ne da zagaye, ko ɗaya bai yi kama da boko ko ajami ba, ga kyau kamar zanen ƙwarya.

Matan ɗakinmu suka rabu biyu kan wane ne ya fi kusa da Hausa. Wata tsohuwa mai tallar nono, Gwaggo Jumma, da ke gadon kusa da ni, ita ta kashe gardamar: “Ɗaya ta samu bakinmu, ɗaya ta samu muryarmu. Ku haɗa su ku ga Bahaushiya.” An yi dariya, amma ba kamar ranar da Likita ta gaya mana cewa a Jojiya uba ake kira “mama”, uwa kuma “deda” ba.

Da muka kwana goma sha biyu, Baba, wanda ya bar ni da Inna a asibitin ya koma gona, ya dawo. Noma ya kankama, ƙannena ba mai dafa musu, ya ce zai tafi da ni da Inna, wanzami ya ƙarasa aikin da aska. Na san yara biyu a Dudunni da aka yi wa haka, ɗaya har ta girma tana jan ƙafa. Na ƙanƙame ƙarfen gado. Inna ta sunkuyar da kai, ba ta iya musa masa a gaban mutane.

“Likita, ki yi haƙuri, yau za mu tahi,” in ji Baba.

Likita Nino ta tare ƙofa, fuskarta ta yi ja, Hausarta ta watse. Ta nuna shi da hannu ta ce, “Kai mamanta ne. Mama ba ya yanka ƙafa. Kwana bakwai.”

Gwaggo Jumma ta tuntsire da dariya, sauran mata suka bi. Baba ya tsaya da hula a hannu bai gane ba, har Sista ta matso ta yi masa bayani a hankali da muryar nan tata mai taushi. Ya daɗe yana duban ƙafata, ya dubi tsinken ashanar da farin zaren da ke naɗe a jiki. Daga bisani ya murmusa ya ce, “To, tunda na zama mama, a bar ta.” Ya koma shi kaɗai, ƙanwarsa ta riƙe masa yaran. A kwana na shida tsutsar ta fito duka, ba ta tsinke ba. Na gode wa kowace da harshenta, “madloba” ga Likita, “takk” ga Sista, na fita da ƙafata ina takawa.

Ban sake ganinsu ba. Na ji an ce Sista ta koma gida, Likita kuma ta bi mijinta Kaduna. Yau kurkunu ya zama labari a Dudunni, tafkin ma an yi gidaje a wurin. Jikokina suna da waya mai jin kowane harshe na duniya, sai su latsa ta fassara musu su wuce, ba su tsaya sun ji yadda kalmar ke fita daga bakin mai ita ba. Mu baƙi biyu kacal Allah ya kawo mana, muka saurare su da kunnuwanmu duka.