Baƙin Tabaraun Kakana

Har yau in na shaƙi ƙaurin ƙarfen da aka yi wa walda, sai in tuna shekarar da na bar makaranta ina aji biyu na sakandare. Mahaifina ya rasu, ba mai ɗaukar nauyina, ni kuma dama zaman benci bai taɓa karɓata ba. Lokacin an fara shari'ar Musulunci, an rufe gidan kallon da muke wuni, sai na koma gararamba tsakanin tasha da bakin kasuwar Daura.

Kawuna ne ya kai ni wata cibiyar koyon sana'a. Kakana, limamin unguwarmu, ya ce sam. A wurinsa walda ƙira ce, gidanmu kuwa ba gidan maƙera ba ne. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin ranar da wutar nan ta taɓa ni zai tura ni noma Baure, wurin ƙanensa. Ni da fartanya kuwa ba ma ga maciji.

Gilashin kare ido ɗaya ne a cibiyar, mu kuma ga mu da yawa, jiran layi kuwa ba halina ba ne. Na tsaya bayan malaminmu na ƙura wa tartsatsin ido, ba komai a fuskata. Washegari na tashi kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye kawai ke zuba. Damina ta kankama, ana neman hannu a gona. Na tsorata ƙwarai, na ce shi ke nan, sai Baure.

Kakana ya zo ya zauna gefen tabarmata. Can ya cire baƙin tabaraun da aka ba shi a asibiti bayan aikin yanar ido, ya ɗora a tafin hannuna.

"In ka warke ka koma," ya ce. "Amma kada ka ƙara kallon wutar nan haka."

Malaminmu ya ce tabaraun nan ba ya tare hasken walda. Ban taɓa faɗa wa tsohon ba. Kullum da safe sai in saka shi in wuce ta ƙofar zaure, shi kuma yana zaune yana kare rana da hannu.

Yanzu ina da shagona da yara masu koyo. Da yawansu ba sa rufa wata, acaɓa ta fi musu sauri. In yaro ya ɓace sai hankalina ya tashi, in bi sawunsa har gida. Sau da yawa in na yi sallama, ba na tarar da dattijon da zan yi wa magana a zauren.