Asiatu da Goron Bikin Nusrat

Duk wanda ya san layin masu hatsi a kasuwar Yendi ya san muryar Hajiya Asiatu kafin ya san fuskarta. Daga kan kujera take ciniki, daga nan take faɗa, daga nan take kiran mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ko da gidan maƙwabta za ta leƙa. 'Yar Salaga ce, jikar fataken goro, aure ya kawo ta Yendi. Tana da kyauta, tana da barkwanci. Abu ɗaya ne ba ya wuce mata a maƙogwaro: a yabi yayarta Zuleha a gabanta.

Ita Zuleha tana Salaga. In za a yi biki ko suna a dangi, ita ke raba goron gayya, gida-gida, da ƙafa. Takan fita bayan asuba, malafa a kan mayafi, gorar ruwa a hannu, goron lulluɓe cikin ɗanyen ganye. Kafin rana ta take ta koma inuwa. Sai la'asar ta yi sanyi take ƙarasa sauran gidajen. Ko ba biki, sai ta zaga gari.

"Mai malafa kamar za ta kiwo," in ji Asiatu, duk sanda aka ambace ta.

A tsakiyar bazara aka sa bikin Nusrat, 'yar ƙaninsu Shamsudeen, da wani mai sayar da shanu daga Bawku. Asiatu ta sauka Salaga da leshi mai nauyi. Gwaggon ango, wadda ta zo daga Bawku ganin gida, ta tarar da Asiatu tana tashi daga tabarma da nishi, tana dafa bango. Sai ta durƙusa mata.

"Sannu, Hajiya babba. Wannan mai zirga-zirgar ƙanwarki ce? Masha Allah, da sauranta."

Zuleha ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Asiatu ba ta yi dariya ba.

"Shamsudeen," ta ce, "goron nan ni zan raba."

"Yaya Asiatu, ai Yaya Zuleha ta saba."

"Ni ba Salaga aka haife ni ba? Ko an canza wa gidajen wuri?"

"To bari a kira miki babur."

"Da ƙafa. Ita fikafikai gare ta?"

Shamsudeen ya bar mata, ba don ya so ba. A danginsu gidan da goro bai shiga ba, ba a gayyace shi ba, ko an yi masa waya sau nawa. In tsofaffin gidajen suka ƙi zuwa, Nusrat za ta tafi Bawku ba rakiya, mutanen ango suna kallo.

Zuleha ta ce, "Ki fita da sassafe. Ga malafa, ga ruwa, ki riƙa yayyafa wa ganyen."

"Riƙe kayan kiwonki, Yaya."

Da asuba wa zai gan ta? Asiatu ta jira sai da hantsi ya wuce, titi ya cika, sannan ta ɗaura leshinta ta fito. Ta kwashe ganyen ta zuba goron a tire mai ƙyalli, don kowa ya san me ta ɗauko.

Gidajen farko sun yi daɗi. Ana ta "Maraba da mutanen Yendi." Amma kowane gida sai an ƙara: "Ina Zuleha? Lafiyarta kuwa?" A nan ne ta daina tsayawa shan ruwa. In an miƙo kofi, sai ta ce sauri take yi.

Rana ta tsaya tsakar ka. Takalminta ya fara cizo, leshin ya manne. Masu babur suna tsayawa: "Mma, hau in kai ki." Tana kora su da hannu. A gidan wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarsu, tsohuwar ta ɗauki goro ɗaya, ta murza, ta mayar.

"'Yar nan, wannan ya sha rana. Jikar masu goro ce ta kawo mini wannan?"

Asiatu ta fito kunnuwanta suna ƙara. Ta kai gindin wata bishiyar nim, ƙasa ta juya mata, ta zauna ba shiri. Goro ya watse.

Takun da ta ji a baya ta san shi tun suna yara: silifas, ƙyaf-ƙyaf, ba gaggawa. Ashe Zuleha tana biye da ita daga nesa, inuwa zuwa inuwa. Ta jiƙa gefen zani ta ɗora mata a wuya, ta kwance mata ɗaurin leshin, ta ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, ta kifa mata malafar.

"Kin zo kallo," in ji Asiatu, da ta samu murya.

"Na zo tsintar goro. Sha."

"Kin ji daɗi."

"Kakanmu bai taɓa barin huhun goro a rana ba. Ke kin bar goro, kin bar kanki. Sha, na ce."

Da la'asar Zuleha ta ƙarasa gidajen da sabon goro cikin ganye. A kowace ƙofa tana cewa, "Asiatu ce ta fara, ni ƙarashe nake yi." Gidajen duka suka zo. Nusrat ta tafi Bawku da motoci cike da rakiya.

Wannan alherin ne ya fi ci wa Asiatu rai. A Bawku, ana tsakar biki, ta sulale kasuwa ta sayo malafa, wadda ta fi ta Zuleha faɗi.

Yanzu in ka fito bayan asuba a Yendi za ka gan ta a gefen titi, gora a hannu, tana tafiya tana harare-harare. Masu babur sun gaji da tsaya mata. In ta dawo ta huta, sai ta kira Salaga.

"Yaya, yau har ina kika kai?"

Duk inda Zuleha ta ambata, Asiatu takan ja tsaki a hankali.

"Nan kawai? Lallai girma ya zo."