Basira 'Yar Rediyo

A Gyadi-Gyadi aka haifi Basira, a wani gidan haya da ke bayan titin Zariya. Mahaifinta direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, saboda haka tun tana ƙarama take ganin ma'aikatan jinya cikin fararen kaya, ta kuma sa rai ita ma wata rana za ta sa irinsu. Ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya, ba ta samu ba. Ta sake zama, sunanta bai fito ba. Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta auri Inuwa, wani akawu a Tarauni, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya, suka kama haya a Babban Giji.

Katanga ɗaya ce ta raba su da Adaobi, wata Inyamura haifaffiyar Kano da kowa ke kira Maman Ejike. Mijinta kemis yake da shi, ita kuwa tana yi wa wani kamfanin Legas aiki. Basira ba ta san irin aikin ba sai a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ran nan Maman Ejike ta shigo, ta zauna a kan turmi, ta ce, "Basira, mace nake nema mai iya karatu da rubutu, wadda ba ta gajiya da gaisuwa."

Ta yi mata bayani. Masu sabulu da masu madara da 'yan siyasa duk suna son sa talla, amma ba wanda ya san wace tasha ake kamawa a cikin gidaje, ko da ƙarfe nawa. Kamfanin shi ke tambayo mutane ya sayar musu da amsa. Matsalar ita ce samarin da ta ɗauka iyakarsu zaure. Maigida zai fito ya ce a gidansa labarai kawai ake ji da wa'azi, su rubuta su tafi, alhali suna jiyo kiɗan fim daga ciki.

Inuwa bai ƙi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada magariba ta same ki a waje."

Aikin yana da ƙa'ida. Za a ajiye ta a bakin layi, ta tsallake wasu gidaje ta shiga wanda ya faɗo mata, ko da na kusa da shi ya fi kama da gidan da za a karɓe ta. Tambayar a kan jiya take: jiya da hantsi me kika saurara, da yamma me kika kalla, wace waƙa kika sa. Kuma ba a ɗora wa mutum amsa a baki. Wannan shi ya fi ba ta wuya, domin Basira mai hira ce, in mace ta fara lalube sai ta ji kamar ta ƙarasa mata. Sannu a hankali ta koyi yin shiru. Ta lura in ta jira kaɗan, ko ta kama wa matar gida tsinkar zogale, amsar farko takan janye, ta gaskiya ta fito.

Ta shiga gidajen da talabijin ke lulluɓe da mayafi saboda an daɗe ba a kawo wuta ba. Ta shiga na ma'aikatan jinya da ke aikin kwana, waɗanda ba sa kallon komai sai abin da ke kunne a ɗakin jira na asibiti. A gidajen 'yan Kudu takan tarar da kaset ɗin coci yana tashi, a ba ta kujera da lemo. Wasu matan suna sa ran za ta raba wani abu, in suka ga ba komai sai fuska ta canza. Ba ta jin haushi. Takan yi godiya ta sa takalminta.

A Daurawa ta haɗu da Hajiya Kulu, wata dattijuwa da idonta ya yi rauni, kullum rediyonta na ƙarƙashin haɓa kamar jinjiri. Hajiya ta amsa tambayoyin duka ba gardama, sannan ta riƙe mata hannu.

"In kin koma, ki ce musu su dawo da shirin goge na ranar Laraba. Sun cire sun sa surutun 'yan siyasa."

"Hajiya, ni ba a gidan rediyo nake ba. Tambaya kawai nake yi."

"To wa kike kai wa?"

"Legas ake aikawa."

"Ai shi ke nan, can ne manyan suke. Ki faɗa musu."

Basira ta rubuta a gefe, ko da yake ta san ba a tanadi gurbin irin wannan ba. Shirin bai dawo ba. Amma duk lokacin da aiki ya kai ta Daurawa sai ta leƙa su gaisa, Hajiya ta tambaye ta ko an ji daga Legas, ta ce tukuna.

Haka aka tafi har shekarar da rigimar allurar shan inna ta tashi a Kano. Jita-jita ta cika gari cewa akwai abin da aka sa a ciki, duk macen da aka gani da jaka tana bin gida-gida sai a sa mata ido. Wata rana da hantsi Basira ta yi sallama a wani gida a Daurawa. Ta fara tambaya ke nan, ta zo kan yawan mutanen gidan da shekarun yara, wanda dama yana cikin abin da ake tambaya. Matar gidan ta miƙe ta kwashe 'ya'yanta ta shige ɗaki. Kafin Basira ta kai zaure, maza sun taru a ƙofa.

Wani ya fizge jakarta ya zazzage ta a ƙasa. Biro ne da takardu da carbi da ragowar gurasa. Wannan bai gamsar da su ba, aka ce ai takardun na ƙirga yara ne kafin masu allurar su zo. Basira ta yi ta cewa rediyo take tambaya, ba wanda ya saurare ta. Wani matashi ya yayyage takardun. Ta jingina da bango, abin da ke ranta kawai shi ne ko za a bari ta ɗauki takalminta.

Hayaniyar ce ta fito da Hajiya Kulu, tana dogara bango, rediyon na hannunta bai daina magana ba. Ta tambayi abin da ake yi, aka gaya mata. Ta ce a matso da yarinyar ta ji muryarta. Da Basira ta gaishe ta sai ta ce, "Wannan ai 'yar rediyo ce. Shekara nawa tana zuwa gidana. Shehu, kai ne ka yaga mata kaya? Tattara ka ba ta."

Shehu jikan ƙawar Hajiya ne. Ya sunkuya ya tattara abin da ya tattaru. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ja Basira cikin gida ta ba ta ruwa. Sunan kuwa ya bi ta, har a Babban Giji 'Yar Rediyo ake ce mata.

Da ta koma gida ta gaya wa Inuwa, ya ce ta huta tukuna. Ta huta. Ta zauna gida damina guda, tana goyon 'yarsu Hasana, tana jin rediyon maƙwabta ta katanga tana gane tashar da suka kama ba tare da ta yi niyya ba. Ba ta roƙe shi ba, shi ma bai ce ta koma ba.

Abin da ya mayar da ita shi ne tafiyar Maman Ejike. Bayan rikicin da aka yi a gari a shekarar da ta biyo, mijinta ya ce ya gaji, za su koma gida. Ranar da suke ɗaure kaya ta kira Inuwa ta katanga.

"Malam Inuwa, na ba da sunan Basira a matsayina. Ba za ta riƙa shiga gidaje kullum ba, ita za ta duba masu shiga. In ka hana, wani za su kawo daga Legas wanda bai san ko sallama ba."

Inuwa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Basira ta raka su tasha. Sun yi ta waya shekara da shekaru, daga baya ta koma sai da Sallah da Kirsimeti.

Ta riƙe aikin da kyau. Ta koya wa 'yan mata yadda ake zama a tabarmar mutane, da yadda ake tambayar shekarun yara a ƙarshe, ba a farko ba. Amma abin da ake aunawa ya fara sauya kama. Tashoshi suka yawaita, kwanukan tauraron ɗan'adam suka hau rufin gidaje. Kaset ya ɓace, faifai ya zo ya wuce, waƙa ta koma cikin waya. A tambayi yarinya a ina ta ji waƙa, sai ta ce ƙawarta ce ta tura mata, ita ma wani mai caji ne ya zuba mata. Tambayoyi suka yi tsawo har mata suna hamma. Ana cikin haka Hajiya Kulu ta rasu. Basira ta je gaisuwa, ta ga rediyon a kan taga an cire masa batir.

Daga baya kamfanin ya daina tura mutane gidaje, ya koma kira ta waya daga wani ɗan ofis a Gyadi-Gyadi. Sai kuma wani sabon manaja, Olamilekan, ya zo daga Legas ya tara su. Yaro ne mai ladabi, Mama yake ce mata. Ya nuna musu a allon kwamfuta yadda intanet ke ƙirga masu kallo da kanta, da minti nawa kowa ya tsaya, ba sai an tambayi kowa ba.

Basira ta ce, "To in waya ɗaya ce, mata sun kewaye ta a tsakar gida suna kallo fa?"

Ya ce sun san da wannan, akwai lissafin da ake yi a cike giɓin. Ya yi bayanin lissafin. Ba ta gane duka ba, ba ta kuma da hujjar cewa ba daidai ba ne. A ƙarshen shekara aka rufe ofishin, aka sallame su cikin mutunci.

Ba ta daɗe a zaune ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa yi wa tambayoyi ta buɗe ƙaramin asibiti kusa da babban asibitin koyarwa, tana neman wadda za ta zauna a gaba ta karɓi marasa lafiya. Can Basira take har yanzu. Ita ke tambayar abin da ya kawo mutum kafin ya ga likita, kuma ana cewa tsofaffi sun fi sakin baki a gabanta. Inuwa ya yi ritaya, Hasana tana karatun haɗa magunguna.

Kwanan baya tana wurin aiki wayarta ta yi ƙara. Wata yarinya ce mai siririyar murya, ta ce daga wani kamfanin bincike take, tana son ta yi mata 'yan tambayoyi a kan abin da take kallo a waya. Basira ta gyara zama ta ce bismillah.

"Da farko, Hajiya, ke ko wani a gidanku ya taɓa aiki a kamfanin bincike ko gidan rediyo?"

"Ni na taɓa."

Yarinyar ta ba ta haƙuri, ta ce ƙa'ida ba ta yarda a ci gaba da ita ba. Basira ta ce ta sani, ba komai, Allah ya ba da sa'a. Ta ajiye wayar ta kira wata mata mai ɗauke da yaro da ke zaune a bakin benci.