Ranar da Inna ta wanke kan Yaya

A Madarumfa namiji mai sanƙo ba shi da damuwa. Ya kafa hula ya fita, ba mai sanin abin da ke ƙarƙashinta sai matarsa da wanzaminsa. Mu ne ba mu da wannan gatan. Gidanmu Kirista ne, kuma a majami'armu namiji na cire hula tun daga bakin ƙofa. Yayana kuwa shi ke ba da waƙa, a gaba yake tsayawa, kowace Lahadi jama'a na kallon gashinsa yana ja da baya. Ko talatin bai kai ba.

Ƴan matan ƙungiyar waƙa suka sa masa suna filin jirgi. Yarinyar da yake nema ta yi dariya tare da su, a gabansa. Na ce ya aske duka ya huta, ya ce ba zan gane ba. Har yau ban gane ba.

Ya shafa tafarnuwa, ya shafa man kaɗanya, goshi bai fasa faɗi ba. Sai ya koma kallon bidiyo a salula, inda ake cire gashi ɗaya-ɗaya daga ƙeya a dasa a gaba, kamar yadda yake dashen albasa a lambunsa na bakin tafki. Da damina ta kankama aikin lambu ya tsaya, ya sayar da injin ban ruwansa, ya ce wa Baba zai je Kano ya sayo sabo. Ni kaɗai na san gaskiya, dashen gashi zai je yi, don na kama shi yana auna goshinsa da yatsu a madubin babur.

Ya dawo ba inji, da ƙatuwar malafa a ka. A ɗaki ya ɗaga mini ita. Gaban kan duk ƙananan ɓawon ciwo ne jere layi-layi, ƙeyar ja jawur. Ya ce an gargaɗe shi kada ya sosa, kada ya wanke da ƙarfi, kada kowa ya taɓa, sai saiwar ta kama. Murna yake yi. Ban taɓa ganin mutum na murna da kai irin wannan ba.

Washegari goshin ya kumbura, kumburin ya gangaro har idanu. Sannan zazzaɓin sauro ya kwantar da shi, irin wanda damina ke kawo mana daga tafki.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, sai dai ta ce "yaron nan". Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa ƙauyen Safo, can ya girma. Shiga majami'a bai raba Inna da wannan kunyar ba. Abincinsa ma ni take ba in kai.

Ran nan da hantsi aka aike ni farmasi sayen magani. Da na dawo na iske shi zaune kan tabarma a tsakar gida, jikinsa na rawa, Inna durƙushe a bayansa da ƙwaryar ruwan ɗumi da sabulun salo da soso. Ta riga ta gama gefe ɗaya. Ruwan ƙwaryar ya yi ja, ƴan guntayen gashi na yawo a sama.

"Inna, ki bari!"

"In bari mi? Ba ki ga makeron da ya kwaso a Kano ba? Shi ya hura mai fuska. Ku kuna kallo yaron nan zai ruɓe."

Na buɗe baki zan faɗa mata duka, Yaya ya ɗaga mini hannu ba tare da ya buɗe ido ba.

"Ƙyale ta."

Na tsaya da ledar magani a hannu har ta gama. Ta kankare kowane ɓawo da farce, a hankali, tana hura masa iska inda jini ya fito. Ta shafe kan da man shanu, ta ɗaura masa tsohon kallabinta.

Da ya samu sauƙi na tsare shi. Na ce injin ya tafi, gashin ya bi ruwan wanki, don kawai ya kasa buɗe baki. Na ce masa sakarai. Bai yi fushi ba.

"Ke kin taɓa ganin Inna ta taɓa ni?"



Gashin ya fito tsilli-tsilli, nan ƙwaya biyu, can ba komai, kamar gonar da fari suka bi. Ƙeyar ta cika da fararen ɗigo. Askin ƙwal-kwabon da na ce ya yi tun farko, yanzu ba halinsa, don duk tabon zai bayyana. Ya je majami'a sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa a kan hula, ya juya. Fasto ya zo gida ya yi ta magana, ya ce Allah ba gashi yake dubawa ba. Yaya ya ce ya sani, amma ba Allah kaɗai ke zama a benci ba. Wani ke ba da waƙa yanzu. Yarinyar ta auri wani malamin makarantar boko. Maƙwabta na ganinsa kullum da hula, har sun fara cewa ya kusa musulunta, Baba kuma ya daina cin abinci tare da shi.

Ranar Lahadi yana lambu, yana ɗibar ruwa daga tafki da bokiti biyu. Inna ba ta san abin da ta wanke ba. In wata ta kawo kukan ɗanta ya yi ƙuraje a ka, sai ta ba ta labarin yadda ta warkar da yaron nan da soso da sabulun salo, ta ce a je a tambaye ni, a gabana aka yi.