Ranar da Na Wanke Tandar Tsohuwata

Ban taɓa zaton zan tsufa da muciya a hannu ba. Bokona aji biyu ne, shi ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina harbin ƙadangaru. A makarantar allo kuwa malam da kansa ya ce in bi babana gona, wataƙila can Allah ya ajiye mini basirata. A gonar na ƙare, nan gefen Rurum. Madafa dai abin da ya haɗa ni da ita leƙe ne, in tsaya daga bakin ƙofa in ce, "Yau kuma azumi ake yi a gidan nan?"

Daminar bara tsohuwata, wato matata, ta faɗi a gindin randa. Hawan jini ne, in ji likita a asibitin Rano. Allah ya taƙaita, baki bai karkace ba, ƙafa ta dawo, amma hannun dama ya ƙi. Yana jan carbi, ba ya damƙar abu mai nauyi. Ranar da za a sallame mu, 'yar farinmu da ke aure a Kano ta ja ni gefe. Mu kunya ta hana mu kiran sunanta, ita kuwa ba abin da ya taɓa hana ta faɗa mana magana.

Ta ce, "Baba, tunda ta nace zan bar ta ta koma gida. Amma in na zo na tarar ba ta iya tuƙa tuwonta, wallahi tafiya zan yi da ita."

Na san gidan nata. A saman bene yake, ba tsakar gida, ba kaza, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Tsohuwata ta taɓa yin sati a can ta dawo kamar wadda aka sako daga kurkuku. Ni kuma ba zan bi ta ba, don ba a taɓa jin namiji da furfurarsa ya tare a gidan suruki ba. In an tafi da ita, shi ke nan, an raba mu da ranmu.

Da farko matan maƙwabta sun riƙa aiko mana da kwano, Allah ya saka musu. Amma damina ce, kowa da hidimarsa, kuma ɗayarsu tana da ƙanwa a unguwar da 'yarmu take. Bakinta ya fi waya sauri. Sai tsohuwata ta ce, "Malam, sakaya ƙyauren zaure ka zo." Ta sa na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar madafa, ta zama malama, na zama ɗalibi, da gemuna.

A nan na gane ashe girki ba hura wuta da jira ba ne. Kafin ka ɗora tukunya sai ka dama toka da ruwa ka shafe gindinta, don baƙin hayaƙi ya kama tokar ya bar ƙarfen. Talge a ruwan sanyi ake dama shi, ba a zuba gari tsagwaronsa a tafasasshen ruwa kamar yadda na yi ranar farko, na tuƙa mana abin da ko awaki sai da suka shinshina suka dube ni. Da ka kwashe tuwo ka zuba ruwa a tukunyar tun tana da zafi, ƙanzo ya jiƙa ya taso da kansa. Kuka da kaɗan-kaɗan ake barbaɗa ta, maburgi yana juyawa tsakanin tafin hannu, ba a tsayawa sosa ƙeya. Ƙwarya ba ta son a bar ta da ruwa, a ɗauraye a kife. Turmi ma a kife, in ba so kake kaji su mai da shi masauki ba.

"Malam, muciya ce, ba fartanya ba. Tuƙawa ake yi, ba huɗa ba."

"To ai hannun manomi ne."

"Hannun manomi ne ya bar gudaji kamar ƙwan zabi?"

Muna dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ciki. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. 'Yar ta tambaya, "Yaya hannun Inna?" in ce, "Alhamdu lillahi, yanzu ma tuwonta na gama ci." Ban yi ƙarya ba ai. Tuwonta ne, da bakinta aka tuƙa shi. Haka nake faɗa wa zuciyata, ita kuma ba ta cika yarda ba.

Da kaka ta yi, sai ga wayar da nake tsoro. 'Yarmu ce, gobe tana tafe.

Muka tsara komai. Ni zan tuƙa tuwon da wuri, in ta yi sallama ta tarar da uwarta zaune a gaban murhu da muciya a hannu, ni kuma ina can zaure kamar kowane maigida. Bayan azahar tsohuwata ta sha maganinta barci ya ɗauke ta. Ni kuwa na kasa zama. Na shiga madafa na dubi ko'ina da idon 'yarmu, komai sai na gan shi da datti. Na ɗebo toka da yashi da soson ƙarfe da garin sabulu. Na goge tukwane har ina ganin hancina a jikinsu. Na wanke randa, na kakkaɓe rariya, na share yanar gizo. Sai idona ya kai kan tanda a jingine a lungu.

Wanda bai sani ba, tanda ita ce kaskon nan mai gurbi-gurbi da ake toya waina a ciki. Tata ta ƙasa ce, wadda ta zo da ita daga gidansu a Kibiya, ta mahaifiyarta ce. Baƙa ƙirin, tana maiƙo. Na ce a raina, wannan ita ce za ta tona mana asiri, yarinyar nan za ta ce uwarta ta kasa wanke-wanke. Na zauna na bi gurbin nan ɗaya bayan ɗaya, ina gumi, har jar ƙasar ta fito tas kamar yau aka sayo ta. Na jingine ta a jikin rumbu inda kowa zai gani. Har wani daɗi na ji. Ko a gona ban taɓa yin aikin banza da ƙwazo irin wannan ba.

Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke 'yarmu. Ina zaure ina jan carbi, ban san me nake ja ba. Ta gaishe ni ta shige. Na kasa kunne. Na ji dariya, na ji ƙarar kwano. Can aka kira ni, na tarar ta cinye malmala guda ta jawo ta biyu, tana cewa, "Inna, hannunki bai canza ba." Na sunkuyar da kai kada fuskata ta yi magana. Har na fara cewa mun tsira.

Ta tashi wanke hannu a gindin rumbu. Sai na ga ta tsaya, buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa.

"Wa ya wanke tandar nan?"

Tsohuwata ta waiga. Sai a lokacin ta gan ta. Na ga abin da ya gilma a fuskarta, irinsa na gani ranar da aka zo mata da rasuwar yayarta. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce, "Ni ce."

"Ke, Inna? Ke da kika bi ni da muciya har zaure don na ɗiga mata ruwa? Kika ce tanda tsumma da mai kawai ta sani, baƙin nan shi ne ke sakin waina?"

'Yar ta zo ta durƙusa, ta ɗauki muciya ta sa a hannun uwarta na dama, ta saki. Muciyar ta sulale ta faɗi. Sannan ta juyo ta dubi hannuwana, ga toka a ƙarƙashin farce, ga tabon ƙuna a babban yatsa. Na ɓoye su a cikin riga kamar yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. Na riga na hango motar Kano, na hango kaina ni kaɗai a gidan nan da tukwane masu ƙyalli.

"Baba, tuwon nan da na ci, wa ya tuƙa?"

Na ce, "Wanda kika yaba."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san kuka ne ko dariya ba.

Ba ta ce za ta tafi da ita ba, ba ta ce ta fasa ba. Ta buga wa mijinta waya ta ce za ta kwana biyu. Ta sa kujera a ƙofar madafa tana kallona ina talge, ina tuƙi, ina kai wa uwarta ruwan alwala. Kullum da safe kuma ta shafe tandar da man gyaɗa ta ɗora a wuta kaɗan, ta sauke ta huce, ta sake shafawa. Wainar farko ta manne, sai da cokali aka kankare ta. Tsohuwata ta ƙi kallon wajen. Ni ma ta ƙi kallona, sai in gishiri ya yi yawa.

Ranar da tandar ta fara sakin waina, 'yar ta haɗa jakarta. Ita kaɗai. A zaure ta ce, "Baba, na bar maka ita. Amma duk ranar da ka gaji, ko ta sake faɗuwa, ka faɗa mini gaskiya da bakinka. Kada ka bari wata tanda ta faɗa mini."

Har yanzu in waya ta yi ƙara gabana yana faɗuwa, don tsufa ba ya ja da baya, kuma ni ma gwiwata ta fara yi mini gardama a gaban murhu. Tandar ta yi baƙi, amma bai kai na da ba. Akwai gurbi ɗaya na gefe da har gobe yake kama waina. Tsohuwata ta ce wannan nawa ne, duk wadda ta ƙone a cikinsa ni zan ci. Ina ci kuwa.