Hannun Malam Dabo

Malam Dabo na Ƙofar Sauri malamin Turanci ne a wata makarantar firamare cikin birnin Katsina. Dogo ne siriri, ba ya rabo da farar jamfa, kuma da kyawun rubutu aka fi saninsa. In ya cika allo, malaman wasu azuzuwa kan leƙo su kalla.

Ba ya koyar da kalma a zaune. Ranar da darasi ya kai kan kalmar shake, da kwalbar maganin tari ya shigo aji. Ya girgiza ta, ya ce to wannan shi ne shake. Ya miƙa wa monita hannu suka yi musabaha, ya ce gaisuwar hannu ma da ita Bature yake kiranta. Ya kaɗa kai alamar a'a, nan ma ita ce.

"Amma ku lura," in ji shi, "kwalba kai ka girgiza ta da gangan. In jiki ne ya kama rawa shi kaɗai, don tsoro ko rashin ƙarfi, sun fi cewa tremble. In sanyi ne ko zazzaɓi, shiver."

Sai ya takure yana makyarkyata, yara suna ta dariya.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, abokan aikinsa suka riƙa ajiye alli. Wani ya koma kwangila, wani ya sami ofis a Kaduna. Shi ma an neme shi, ya ce aji ya ishe shi. A shekarar da aka buɗe makarantu ko'ina, ana neman malamai ido rufe, a ita ce babban yatsansa na dama ya fara motsi ba da saninsa ba.

Matarsa Furera ce ta fara gani, yana shan kunu.

"Malam, hannunka."

"Gajiya ce," ya ce, ya sa hannun cikin aljihu.

Kafin damina ta fita rawar ta kai wuyan hannu. Likita ya duba shi, ya ba shi ƙwayoyi, ya gaya masa gaskiya: ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri. Rubutunsa ya ƙanƙance, layi ya riƙa gangarowa. Ya gwada hagu, bai yiwu ba. Wata safiya alli ya kuɓuce masa a gaban aji, ya sunkuya ya kasa tsince shi daga ƙasa. Ba yaron da ya yi dariya, kuma ya ce wa Furera shirun nan ya fi komai yi masa ciwo.

Aka mayar da shi kula da ɗakin littattafai, daga baya aka sallame shi. Ya daina zama majalisar ƙofar gida, don in an kawo tuwo sai kowa ya kau da ido. Furera ce ke riƙe masa kofi, ita ke ɗaura masa maɓallin jamfa. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan.

Akwai wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Ummaru, da ya zama babban ma'aikaci yana zaune a GRA. Da aka yi masa haihuwa, ya aiko mota musamman a ɗauko malaminsa wajen suna. Aka zaunar da shi kusa da manya, aka gaisa aka sake gaisawa, Ummaru yana ta nuna shi yana cewa wannan ne ya koya mani Turanci. Sai aka kawo shinkafa da miya, kowa da cokalinsa. Malam Dabo ya dubi farin ƙyallen da ke kan tebur, ya ce ya ƙoshi.

"Malam, ko loma ɗaya, don albarka," in ji Ummaru.

"Allah shi raya, Alhaji. Na ƙoshi."

Ya ga ran Ummaru ya sosu, amma ya kasa faɗa masa dalili. Ya dawo gida da yunwa. Furera ta ɗumama tuwo ta zauna tana ba shi.

Kowa ya ɗauka shi zai riga ta. Sai ga shi zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke Furera. Tana kwance ta nemi ruwa, ya ɗebo a moɗa, kafin ya iso bakin gado rabi ya zube a jikinsa. Ya koma ya sake ɗebowa. Daga ƙarshe maƙwabciyarsu Tani ce ta ba ta, shi yana tsaye a bakin ƙofa da jiƙaƙƙiyar riga.

Bayan sadakar arba'in ƙanwarsa Hajo ta ɗauke shi zuwa gidanta a Kambarawa. Ta kula da shi iyakar ƙoƙarinta, amma bai saba cin abinci daga hannun kowa ba sai na Furera, ya riƙa cewa ya ƙoshi. Bai cika shekara a can ba ya rasu. Aka kai shi bayan la'asar, tsofaffin ɗalibansa suka cika layin har bakin titi.