Tofazzal, Wanda Ya San Kogi

Mijin yayata, Tofazzal Majhi, gyaran injin ban-ruwa yake yi a garin Bogura, shekara ashirin da biyu ke nan. Amma ka zauna da shi minti biyar, sai hira ta kai ku tsibirin Bhola, bakin kogin Meghna inda aka haife shi. Ubansa mai fito ne, don haka a ganinsa kogin ba ya yin komai sai ya sani. Mutum ne mai kirki, ba ya iya cin abinci shi kaɗai, sai dai taurin kan tsiya. Ni da shi wasa muke, kullum ina ce masa sarkin ruwan kan tudu.

Farkon wata damina ƙanwarsa Feroza ta bugo waya. Kogi ya fara cin gaɓar garinsu, saura taku sittin ya kai kabarin mahaifiyarsu. Maƙwabta sun kwance kwanon gidajensu, masu kaburbura sun tone nasu sun mayar can bayan madatsar ruwa. Shi ne ɗa namiji, liman ya ce ba za a taɓa ba sai yana tsaye.

"Ke dai akwai tsoro," in ji shi. "Meghna ba ya cin ƙasa yana cika, sai in ya fara janyewa. Haka Baba ya koya mana. Muna da wata biyu cur."

Ta sake bugowa, saura taku arba'in. Ya ce bari ya gama injinan da ke gabansa. Kira na uku ba ta faɗi taku ba, kuka kawai take yi. Yayata ce ta haɗa masa jaka da kanta, ta ce in bi shi.

Awa tara muka yi a mota kafin birnin Dhaka, rabinsu a cunkoso. Da magariba muka kutsa cikin jirgin ruwa a tashar Sadarghat, muka shimfiɗa zanen gado a ƙasa don kama wurin kwana, tsakanin wata mai kwandon agwagi da wani tsoho mai minshari.

"Sarkin ruwa, yau babu labari?" na ce.

"Rufe min baki, ɗan birni. Kai da ko kwalbati sai an riƙe maka hannu."

Can cikin dare na farka ban gan shi ba. Na same shi jingine da ƙarfen gefen jirgi, yana kallon inda fitila ke haskawa.

"Dubi ruwan nan," ya ce. "Ja ne. Ƙasa ya ɗauko."

"Ai kai ka ce sai ya janye, Yaya."

"Ni na ce."

Wasa na nufa. Wallahi har yau ina jin haushin bakina.

Da asuba Feroza na tsaye a mashiga da lema. "Kun sha hanya," ta ce, ta wuce gaba muna binta. Muka ratsa gonakin shinkafa da filayen da aka kwashe gidaje, sai ƙasa ta ƙare kawai.

"Shekaranjiya ya tafi da kabarin, bayan la'asar," ta ce. "Ina tsaye a nan ina kallo."

"Daidai ina?"

Ta nuna da lemar. Wani masunci ne a wurin cikin kwalekwalensa, yana jan koma. Tofazzal ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya juya dama, ya juya hagu, ya sake tambayarta, "Feroza, daidai ina?"

Shekara shida ke nan. Yana nan a Bogura da injinansa, yana aika wa Feroza abin da ya samu. Na daina kiransa da sunan nan. Duk ranar da yayata ta dafa kifin ilish, wanda ɗan Bhola zai iya sayar da rigarsa a kansa, sai ya tambaya ko na kogi ne. In aka ce masa i, sai ya ture kwanon a hankali, ya ci shinkafarsa da gishiri.